Famfo mai maganaɗisu ba ya yoyo, amma ƙishirwa tana kashe shi

Akwai wata magana da ta kama bakin dillalan kayan masana'antu, har masu sayo wa kamfanoni kaya sun fara maimaita ta: wai famfo mai maganaɗisu da ka ɗaura shi ka huta, ba yoyo, ba gyara. Batun yoyo gaskiya ne. Batun gyara kuwa shi ke sa a ƙona inji mai tsada tun bai yi wata guda yana aiki ba.

Duk wanda ya yi aiki inda ake tura asid ko ruwan soda, kamar majemun zamani na Challawa da Sharaɗa a Kano, ya san lagon famfo na gargajiya: wurin da sandar inji ta huda jikinsa. Nan ake sa sil, kuma komai kyan sil wata rana zai ci, ruwan ya fara ɗiga a ƙafar ma'aikaci. Kamfanin HMD na Ingila ya toshe wannan ƙofa a 1947. Maganaɗisu ɗaya yana juyawa a waje tare da injin lantarki, wani yana ciki manne da farfela, tsakaninsu akwai kwanon da ba shi da huda ko ɗaya. Wasan yara ne da muka sani: allura a kan faranti, maganaɗisu a ƙasa, inda ka ja nan take bi.

Cikin famfuna masu maganaɗisu akwai nau'in da ake kira tabain, wanda tsarinsa ba baƙo ba ne a gidajenmu. Ɗan injin nan mai rabin doki da ke tura ruwa zuwa tankin sama galibi danginsa ne. Farfelarsa tana da ƙananan haƙora masu yawa a gefe. Ruwa ya shiga tsakanin haƙora, a cilla shi waje, ya dawo cikin na gaba, kamar lilo da ake ƙara wa turi. Shi ya sa yake ba da matsi mai ƙarfi amma ruwa kaɗan. Mai neman cika babban tafki da sauri ya nemi wani famfon.

Ga inda nake so a tsaya a saurara. Boris ɗin da ke cikin famfo mai maganaɗisu, wanda yawanci ake yi da silikon kabaid, ba a sa masa giris. Ruwan da ake turawa shi ne mansa, shi ne kuma ke sanyaya shi. In kwanon da ke tsakanin maganaɗisun na ƙarfe ne, juyawarsu tana haifar da zafi a jikinsa, kuma ruwan nan dai shi ke kwashe zafin. To, tanki ya ƙare, ma'aikaci ya tafi cin abinci, inji na ta gudu. Tukunya ce a kan wuta ba ruwa. Babur ne aka hau ba baƙin mai. Dutsen niƙa ne ba hatsi, dutse ke cin dutse. Cikin mintuna kaɗan boris ya tsage, sai a ce an sayo jabu.

Haka batun rufe bawul. Famfon da aka saba da shi, in ka matse bakin fitarsa, nauyin da ke kan inji raguwa yake yi. Tabain akasin haka ne: matsi ya hau, wutar da yake ja ta ƙaru. In nauyin ya fi ƙarfin maganaɗisu sai su saki juna, inji yana ƙara, farfela tana tsaye, zafi yana taruwa. Dole a sa masa bawul mai sakin matsi.

Tsatsa da ɓurɓushin ƙarfe suna manne wa maganaɗisun ciki, yashi kuma yana cinye ɗan siririn tazarar da ke tsakanin farfela da bango, don haka rariya a bakin shiga wajibi ce. Zafin ruwan ma abin tambaya ne. Maganaɗisun niyodimiyam na gama-gari yana fara rauni daga wajen digiri 80 a ma'aunin Salshiyas, na samariyam da kobal kuwa yana jure kusan 300.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake sayen. A ofis ake zama, a tambayi doki nawa ne, bututun inci nawa, nawa ne kuɗinsa, a zaɓi mai araha. Ba a kiran wanda zai kwana da injin a tambaye shi wane ruwa ne, kaurinsa, zafinsa, ko tankin yakan ƙafe. Na'urar da ke lura da wutar da inji ke ja, ta kashe shi in ya fara gudu ba ruwa, kuɗinta bai kai na boris da kwanon da za su lalace ba, amma ita ake fara sokewa daga lissafi.

Masu kamfanoni, kafin ku sa hannu a takardar saye, ku sauko ɗakin inji ku ji ta bakin ma'aikatanku, kuma kada ku bari a kunna famfon nan sai an ɗaura masa rariya, bawul da wannan na'ura.