Ɗaure Sarƙar Injin Yankan Itace: Da Sifana Ko Da Hannu?

Tun lokacin da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano a 1912, tashar Iddo ta zama masaukin mutanen Arewa masu zuwa neman abinci a bakin teku. Waɗansu sun shiga fataucin hatsi da wake, waɗansu dako, waɗansu kuwa suka kama aikin itace. Kusa da Iddo, a Ebute Metta, kasuwar katako ta Oko-Baba ta shafe shekaru masu yawa tana karɓar gumaguman da ake jawowa ta ruwa, har gwamnatin jihar ta gina wa masu sana'ar sabon matsuguni a Agbowa-Ikosi. A Agege da sauran unguwannin Hausawa ma akwai samari da yawa da ke cin abinci da injin yankan itace, suna sare bishiyar da ta tsufa, suna datsa gungume, suna kai wa masu gidajen burodi da masu abinci itacen wuta. Domin irin waɗannan ma'aikata, da masu saya musu kayan aiki, aka shirya wannan bayani.

Shi wannan inji aikinsa duka a kan sarƙa yake. Sarƙar tana zagaya wani dogon ƙarfe mai kwari a gefensa, tana gudun da ya kai wajen mita 20 a daƙiƙa guda. Irin haƙoranta na yau wani Ba'amurke ne, Joseph Cox, ya fito da su a 1947, bayan da Andreas Stihl na ƙasar Jamus ya fara ƙera injinsa a 1926. Sarƙa ƙarfe ce, idan ta yi zafi sai ta saki, idan kuma sabuwa ce takan miƙe ƙwarai a farkon aikinta. Wadda ta saki tana iya tsalle daga kan ƙarfen ta shauɗi hannu ko cinyar mai aiki. Wadda aka ɗaure fiye da kima kuwa tana cin ƙarfen, tana wahalar da inji, tana ƙona mai a banza.

Hanyar da aka saba ita ce ta sifana. Akwai noti biyu a murfin gefen inji. Sai a sassauta su, a ɗaga hancin ƙarfen sama, a murɗa ƙaramar kusar ɗauri da sukudireba har sarƙa ta kwanta a jikin ƙarfen ta ƙasa, sa'an nan a mayar da notin a ɗaure tamau. Manyan injuna irin su Stihl 070, wanda masu tsaga katako suka sani sarai a dazuzzukan Afirka ta Yamma, da wannan hanya suke.

Daga baya kamfanoni suka fito da wata dabara wadda ba ta bukatar sifana ko sukudireba. A maimakon noti biyu sai aka sa murfi mai maɗauri guda, mai kunne da ake ɗagawa a murɗa da hannu, da wata 'yar ƙafa da ake juyawa da babban yatsa. Kamfanin Stihl yana sa harafin B a sunan injunan da ke da ita, kamar MS 180 C-BE. Kamfanin Husqvarna na ƙasar Suwidin shi ma yana da tasa a waɗansu ƙananan injuna, haka kuma da yawa daga cikin injunan batir da ake shigowa da su yanzu.

Ra'ayin masu aiki ya rabu a kanta. Masu yabonta suna da hujja mai ƙarfi, domin kuwa yawancin sarƙar da ke tsalle ba don mai inji bai ga ta saki ba ne. Ya gani, amma sifana tana cikin jaka, ko ta faɗi cikin dusar katako, ko wani ya ara bai mayar ba, sai ya ce bari ya ƙarasa wannan gungume tukuna. Wanda gyaran ba zai ci masa ko minti guda ba, ya fi saurin tsayawa ya gyara. Ga manomi mai rage rassan mangwaro, ko mai gida da ke taɓa inji sau biyu a wata, wannan amfani ne babba.

Masu kushe ta kuwa galibinsu waɗanda ke wuni da inji ne, kuma maganarsu abin dubawa ce. Ƙarfin hannu bai kai na sifana ba, maɗauri guda kuma bai kai noti biyu riƙo ba, musamman idan ƙarfen dogo ne, itacen kuma mai tauri irin iroko. Dusar katako da man sarƙa sukan cakuɗe su daskare a cikin haƙoran 'yar ƙafar, ta ƙi juyawa, wanda ya tilasta mata sai ya karya ta, da yake yawancinta roba ce. A nan ne wahalar take a ƙasarmu: notin da ya ɓata kowane makaniki a bakin hanya zai samo madadinsa, amma murfi na musamman sai an bi dillali, watakila a jira makonni, inji na ajiye, iyali na jiran cefane. Akwai kuma wani faifai da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen a waɗansu injunan. Duk ranar da za a juya ƙarfen domin ya ci daidai, sai an kwance faifan an mayar da shi ɗaya gefen, kuma da sukudireba ake yin wannan. Abin lura ne cewa kamfanonin da kansu ba su cika sa wannan dabara a manyan injunan daji ba. Saboda haka wanda zai sayi inji domin sana'ar kullum, mai noti ya fi masa. Wanda aikinsa jefi-jefi ne, ba laifi ya ɗauki na hannu, muddin ya tambayi mai sayarwa ko ana samun murfin a kasuwa.

Ko wace iri ce, gwajin ɗaya ne. A kashe inji, a sa safar hannu, a jawo sarƙar a kan ƙarfen. Ya kamata ta tafi ba da wahala ba, kuma kada ta yi lilo ta ƙasa. An fi so a ɗaure ta tana da sanyi. Idan dole ta sa aka ƙara mata ɗauri tsakiyar aiki tana da zafi, to, a sassauta ta da zarar an tashi, domin idan ta huce takan tsuke, ta ja sandar injin har ta yi masa lahani. Sabuwar sarƙa kuwa a duba ta bayan 'yan yanka kaɗan na farko, a sake dubawa duk lokacin da aka tsaya zuba mai.