Rigimar gidajen talakawa a Amurka da dokar da ake kira Riko

Yau hirarmu za ta kai mu ƙasar Amurka. Za mu ga yadda ake rigima a kan gidajen haya da gwamnati ke tallafa wa talakawa da su. Za mu ga kuma wata doka mai nauyi da masu rigima ke ɗauka su tafi da ita gaban alƙali.

Gidajen da ake rigima a kansu

A manyan biranen Amurka haya tana da tsada ƙwarai. Leburori da tsofaffi da yawa ba su iya biya. Don haka gwamnati ke taimakawa. Akwai hanyar da aka buɗe a shekarar 1974: mai haya ya ba da wajen kashi 30 bisa 100 na samunsa, gwamnati ta cika wa mai gida sauran. Akwai wata hanyar kuma da aka buɗe a 1986. Ita ce za mu duba da kyau.

Ga misalinta. Wata ƙungiyar taimakon jama'a tana son gina gidaje masu araha, amma ba ta da kuɗi. Sai banki ko wani babban kamfani ya zuba kuɗinsa. Ladansa shi ne gwamnati ta rage masa lanho, wato haraji, har shekara 10. Su biyun su rubuta yarjejeniya. Bisa takarda, mai kuɗi ke da fiye da kashi 99 bisa 100 na gidajen. Amma ƙungiyar ce ke kula da su yau da gobe. Ita ke karɓar haya, ita ke gyara. Shekara 15 na farko gwamnati tana sa ido sosai don hayar ta zauna da araha.

Rigima tana tashi idan shekara 15 ta cika. Mai kuɗi ya gama cin rangwamensa. Doka ta yarda a rubuta cikin yarjejeniya cewa ƙungiyar za a fara yi wa tayi, ta sayi gidajen da kuɗi kaɗan: ta ɗauki sauran bashin da ke kansu, ta biya lanhon sayarwa. To, amma cikin shekara 15 unguwa tana iya yin daraja. Wasu kamfanoni sun gane haka. Suka riƙa sayen rabon masu kuɗin farko, sa'an nan su ƙi sakin gidajen da araha. Ƙungiya ta ce: gidajen talakawa ne. Kamfani ya ce: dukiyata ce. A 2018 babbar kotun jahar Masacuset ta yanke irin wannan shari'a, ta ba wata ƙungiya ta birnin Kambirij gaskiya.

Wannan shari'a ta alkawari ce kawai: me aka rubuta, wa ya saɓa? Amma wani lokaci mai ƙara yakan ce: ba saɓa alkawari kaɗai aka yi mini ba, haɗa baki aka yi aka cuce ni. Nan ne yake ɗauko dokar Riko.

Mece ce dokar Riko?

Ana rubuta sunanta RICO, ana karanta shi Riko. Ku lura, da k ne, ba da ƙ irin na riƙo ba. Shugaba Nixon ya sa mata hannu a watan Oktoba na 1970. An yi ta ne don karya ƙungiyoyin miyagu irin su Mafiya. Kafin ita, ƙananan yara ake kamawa, manyan da ke ba da umurni suna gida suna cin riba. Da ita, gwamnati tana iya kama shugaban, a ɗaure shi har shekara 20.

Dokar tana da ƙofa ta biyu. Wanda aka cuta a dukiyarsa ko a sana'arsa yana iya kai ƙara da kansa, ba sai gwamnati ba. Idan ya ci shari'a, ana ninka masa hasararsa sau 3, a biya kuma lauyansa. Mu yi lissafi da dalar Amurka, ba dalarmu ta sefa 5 ba. Wanda ya yi hasarar dala 10.000 zai karɓi dala 30.000. A 1985 kotun ƙoli ta Amurka ta ce ba dole sai an taɓa ɗaure wanda ake ƙara ba, ba dole kuma ya zama ɗan Mafiya ba. Don haka ake kai ƙarar ƴan kasuwa, bankuna da masu gidajen haya da wannan doka.

Abin da alƙali ke nema

Ƙofar tana da faɗi, amma wucewa tana da wuya. Mai ƙara sai ya nuna abubuwa kamar haka:

1. Akwai ƙungiya ko kamfani da aka yi aikin cutar ta hanyarsa.
2. An yi manyan laifuka aƙalla 2 cikin shekara 10, irin su cin hanci, ƙwace da barazana, ko zamba ta wasiƙa da tarho.
3. Laifukan suna da alaƙa da juna, kuma abu ne mai ci gaba, ba na rana ɗaya ba. Kotun ƙoli ta faɗi haka a 1989.
4. Laifin ne ya jawo masa hasarar kai tsaye. Wannan hukuncin 1992 ne.
5. Bai bari shekara 4 ta wuce ba kafin ya kai ƙara.

Idan zamba yake zargi, sai ya faɗi wa ya rubuta wasiƙar, yaushe, me ta ƙunsa. Saɓani a kan ma'anar yarjejeniya ba zamba ba ne. Don haka alƙalai ke korar ƙararraki da yawa tun daga farko.

Masu haya ma sun ɗauke ta

A 2007 wasu masu haya a birnin Niyu Yok suka kai ƙarar kamfanin Pinnacle da dokar Riko. Gidajensu irin waɗanda doka ta ƙayyade kuɗin hayarsu ne. Suka ce kamfanin yana neman kuɗin da ya wuce ƙa'ida, yana kuma jan su kotu ba dalili don su tashi, ya ƙara haya. Kamfanin ya musanta. A 2010 alƙali ya yarda ƙarar ta zama ta dubban masu haya gaba ɗaya. Daga baya aka sasanta, kotu ta amince da sulhun a 2012. Shekara 5 ke nan ana jira. Hausawa sun ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba.

Sau da yawa haka ake ƙarewa. Ba ɗan kasuwar da ke son a kira shi shugaban miyagu, ga kuma tsoron biya sau 3, sai ya nemi sulhu. Amma muddin ana shari'a, kuɗin da za a gyara rufi da famfo da su suna iya tafiya wajen lauyoyi. Mai haya kuwa yana kwana bai san wa zai zama mai gidansa baɗi ba.

Ku lura da abu guda. A dukan waɗannan shari'o'i, alƙali takarda yake nema: yarjejeniya, wasiƙa, takardar shaidar biya mai kwanan wata. Wanda ya ajiye nasa ya fi samun abin nunawa.

Ga tambayoyin da za ku tattauna da malaminku:

1. Me ya sa rigima ke tashi idan shekara 15 ta cika?
2. Wanda ya yi hasarar dala 7.000, nawa zai karɓa idan ya ci shari'a?
3. Ina bambancin saɓa alkawari da zamba?

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.