Ɗakin da Kike Wuni a Ciki, Wa Ya Tsara Shi?

 Yau zancen gini za mu yi. Na san wata za ta ce ina ruwan mace da gini, ai wannan sha'anin maigida ne da magini. To amma tsaya ki duba. Maigida ya karya kumallo ya fice gona ko kasuwa, magini ya karɓi kuɗinsa ya ƙara gaba. Wa ake bari da ɗakin idan rana ta take? Wa ke shan hayaƙin madafa, wa ke tara kwanuka idan rufi yana yoyo, wa ke yi wa jariri fifita har asuba a watan Afrilu? Ke ce. Amma ranar da ake jan igiya za a haƙa harsashi, da wuya a tambaye ki ko da inda kike son ƙofarki ta kalla.

Duk wadda ta bi hanyar Dambatta ko ta Bichi a 'yan shekarun nan ta ga yadda ƙauyukanmu suka sauya. Daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Dawakin Tofa zuwa Makoɗa, ginin ƙasa yana ja da baya, bulo da kwano suna cinye wurin. Ba na ganin laifin kowa. Ginin ƙasa yana son yaɓe kusan kowace shekara, azara ta yi tsada domin giginya ta ragu, kuma ba wanda yake manta katangar da ta faɗi cikin ruwan Agusta. Ga kuma ido, wanda ya yi rufin kwano shi ake cewa ya samu. Sai dai abin da mafi yawanmu muke samu a madadin soro shi ne bulo mai inci shida, da kwano ba silin, da 'yar taga guda wadda ake toshewa da kwali. A bazara, lokacin da zafin Kano ke kai maki 40, irin wannan ɗaki tanda ne.

Dalilin ba boyayye ba ne. Katangar ƙasa mai kauri a hankali take shan zafin rana, kafin ya ratsa ta zuwa ciki dare ya yi, iska ta sauya. Shi kuwa kwano nan take yake ɗaukar zafi ya sauke shi a kan wanda ke ƙarƙashinsa. Kuma abin bai tsaya ga gumi da ƙuraje ba. Likitoci sun daɗe suna faɗa cewa cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa yana taimaka wa sanƙarau yaɗuwa, kuma iyayenmu ba su manta 1996 ba, shekarar da cutar ta kashe mutum sama da 11,000 a Nijeriya, Kano na cikin inda ta fi ɓarna.

Akwai kuma batun fili. Wannan yanki namu na kewayen Kano yana cikin yankunan karkara mafi cikar jama'a a Afirka ta Yamma. Gona ake nomawa kowace damina ba hutu, gado yana ta rarraba ta, kuma duk ɗakin da aka ƙara daga bakin abinci aka yanke shi. Wanda filinsa kaɗan ne shi ya fi kowa bukatar a zauna a tsara masa kafin a sa bulo ko ɗaya.

Kakanninmu ba da ka suke gini ba. Zaure ya tare baƙo, shigifa ta karya ido, sannan a iso cikin gida inda mace take walwala ba mai ganinta. Suna murza tubali da hannu, su shanya shi, su yi yaɓe da makuba da ake samu daga ɗorawa don ruwa ya zame. Daɓen ɗaki kuwa aikin mata ne, gayya ake yi masa. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, har yau ɗaliban zanen gini suna zuwa kallon bakan gizonsa. A Yaama ta jihar Tawa a Nijar, wani manomi kuma magini, Falke Barmu, ya fara gina masallacin garinsu da ƙasa a 1962, kuma a 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan gini a duniya.

Wata za ta ce ai wannan duk tarihi ne. To ga na yau, kuma mace ce. Mariam Issoufou 'yar Nijar ce, ilimin kwamfuta ta fara karantawa a Amurka har ta yi aiki da shi, daga baya ta koma makaranta ta karanci zanen gine-gine. A 2014 ta buɗe ofishinta a Yamai, ta sa masa suna Masomi. A ƙauyen Dandaji, garin Hausawa a jihar Tawa, jama'a sun so a rushe tsohon masallacinsu na ƙasa a yi sabo. Ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka gyara tsohon ya zama ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa mai ɗaukar mutum dubu, aka kammala a 2018. Ba su ɗauko kayan gini daga nesa ba. Jar ƙasar yankin aka matse a inji ta zama bulo, maginan wurin suka yi aikin. Ta kuma tsara kasuwar garin, inda ta yi inuwa da faya-fayan ƙarfe masu launi a sama da rumfuna. Yanzu tana koyarwa a babbar jami'ar fasaha ta Zurich a Suwizalan.

Wannan bulon na matsattsiyar ƙasa shi ne abin da nake so ki riƙe. Ana tankaɗe ƙasa, a zuba mata siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, a yayyafa ruwa, a matse a injin hannu, a rufe shi ya yi makonni yana ƙarfi. Ba a ƙona shi, don haka ba a sare itace saboda shi. Yana da sanyin ginin ƙasa, yana da kyan gani irin na zamani, kuma ba ya cin siminti kamar bulon yashi. Wadda ta tuna yadda buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024 ta san darajar wannan. Da irinsa Francis Kéré ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a Burkina Faso a 2001. Ya ɗaga rufin kwanon sama da silin ya bar rata a tsakani, iska tana wucewa tana kwashe zafi. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker.

Yanzu bari mu dawo gida. Kowace shekara Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil suna yaye matasa da suka karanci zanen gini, maza da mata. Da yawa cikinsu 'ya'yanmu ne, an sayar da akuya da buhun gero an biya musu. Sun gama bautar ƙasa, suna zaune suna jiran babban ofishi a Abuja ya kira, ko a ba su zanen bene. Alhali a unguwarsu kowace rani ana tada ɗakuna, ba wanda ya tambaye su, su ma ba su tallata kansu ba, domin suna ganin ɗaki biyu da falo a ƙauye bai kai aikin akitek ba. A ganina nan ne kuskuren yake. Babbar kwangila sau ɗaya take zuwa a shekara idan ma ta zo, amma ƙananan ayyuka ba sa yankewa.

Mutumin da ke neman kuɗi a Legas ko Fatakwal yana turo kuɗin gini gida, kuma babban tsoronsa a cuce shi. Zai biya wanda zai zana masa gidan a kwamfuta ya turo masa hoton ta WhatsApp, ya lissafa masa yawan bulo da kwano da katako, ya riƙa leƙa aikin sau biyu a mako. Mai kiwon kaji yana son ɗakin da zafi ba zai kashe masa su ba. Makarantun unguwa suna ƙara azuzuwa. 'Yan kasuwar Dawanau suna bukatar ɗakunan ajiyar hatsi da danshi ba ya shiga. Kowane ɗaya kuɗinsa kaɗan ne, amma idan suka taru sun riƙe gida.

Sai kayan ɗaki, inda mu mata muka fi kashe dukiya. Sau nawa aka kai gadon amarya ƙauye ya ƙi shiga ƙofa, sai da aka cire ƙyaure? Sau nawa gado da kujeru da kabad suka cinye ɗaki har amarya ta rasa inda za ta shimfiɗa sallaya? Kafinta abin da ya gani a hoto yake kwaikwaya, bai auna ɗakin ba. Wanda ya karanci zane zai iya haɗa kai da kafinta ko maƙeri su fito da gado mai aljihun ajiya a ƙasa, da kabad ɗin jere da ke hawa bango, da murhu mai bututun fitar da hayaƙi. Ko ya ɗauki saƙar Minjibir da tabarmar kaba ya sa su cikin kujera da labule, 'yan birni su saya da tsada.

Kada ki raina ƙaramin abu. Marigayi Mohammed Bah Abba malami ne a Dutse, daga gidan masu ginin tukwane ya fito. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yana bushewa yana janye zafi, sai ga gauta da tumatir suna yin makonni ba su lalace ba, ba wuta ba firiji. Wannan dabara ta ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000, kuma maginan tukwane da dama sun ci abinci da ita.

Inda na fi ganin dama kuwa ga 'ya'yanmu mata ne. Akitek namiji iyakarsa zaure, abin da maigida ya faɗa masa shi zai zana. Ita kuwa mace za ta yi sallama ta shige har tsakar gida, ta zauna a tabarma ta ji daga bakin matar gidan. Za ta ga inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya, ta ga madafa tana kallon ƙofar abokiyar zama, ta ga yara maza da mata sun girma a ɗaki guda, ta ga masai ya matso rijiya alhali masana lafiya sun ce a bar aƙalla mita 30 a tsakaninsu. Wannan aiki ne da za ta yi ko tana gidan aurenta, da kwamfuta da abin awo. Abu ɗaya dai za a kiyaye: dokar ƙasa ba ta yarda kowa ya kira kansa akitek ba sai ya yi rajista da hukumar ARCON, kuma bene ba a yin sa sai da injiniya. Kafin rajista ta samu, sai ta raɓu da wanda yake da ita.

Ke kuma da za a yi wa ɗaki bana, ki yi magana tun ana jan igiya, cikin ladabi da dabara irin taki. Ki roƙi taga biyu masu kallon juna. Ki roƙi a ɗaga ginin ko da layin bulo biyu ne, a sa silin ko na tabarma, a bar ƙofar iska a ƙarƙashin kwano. Madafa kuma a yi mata mafitar hayaƙi ta sama. Idan da ƙasa za a yi, a ɗora ta kan harsashin dutse ko siminti, a tsawaita bakin kwano ya rufe katanga, musamman ta gabas, domin daga can hadarinmu yake tasowa, kuma ita ce take fara zaizayewa.