Wayar Hannu a Cikin Aji

Wayar hannu wata 'yar na'ura ce wadda mutum kan sa a aljihu, ya yi magana da wanda ke nesa kamar suna zaune a zaure ɗaya. A shekarar 1973 aka fara buga irinta, a ƙasar Amurka. Wani injiniya ne mai suna Martin Cooper ya buga ta, tasa kuwa ta fi kilo guda nauyi. Ba ta bazu a Nijeriya ba sai daga shekarar 2001. Yau da ita manomi kan ji kuɗin gero a kasuwa, ɗan kasuwa ya aika da kuɗi, matafiyi ya gaya wa mutanen gida ya sauka lafiya.

Amma wayar zamanin nan ba magana kaɗai ake yi da ita ba. Tana ɗaukar hoto, tana kawo saƙo, cikinta kuma akwai wasanni da waƙoƙi marasa iyaka. Saboda haka da yara suka fara zuwa da ita makaranta, sai malamai da iyaye suka shiga shawara: a bar ta ta shiga aji, ko kuwa a hana?

Ƙasar Faransa, wadda ke cikin Turai, tana cikin waɗanda suka fara yanke wannan shawara. Tun 2010 suna da dokar da ta hana yaro taɓa waya lokacin darasi. Sai aka ga ba ta isa ba, gama da an buga ƙararrawa kowa sai ya zaro tasa ya duƙufa a kanta. Don haka Majalisar ƙasar ta yi sabuwar doka, aka sa mata hannu ran 3 ga Agusta 2018, ta fara aiki da aka koma makaranta cikin watan Satumba.

Ga abin da dokar ta ce. Yaran makarantar reno, da na firamare, da na ƙaramar sakandare, watau daga 'yan shekara 3 zuwa wajen 15, ba su da izinin amfani da waya a makaranta. Ba cikin aji kaɗai ba, har da filin wasa da lokacin tara. Manyan makarantun sakandare kuwa aka bar wa kowace ta tsara tata ƙa'ida. Wanda ya karya doka, malami yana da ikon karɓe wayarsa, a mayar masa daga baya yadda makaranta ta shirya.

Me ya sa aka yi haka? Babban dalili shi ne hankali. Hankalin mutum ba ya tsayawa sosai a wuri biyu. Yaro na cikin lissafi, sai waya ta motsa a aljihunsa. Ko bai duba ba, zuciyarsa ta riga ta tafi, yana ta tunanin wa ya aiko, me kuma ya ce. Kafin hankalinsa ya komo, malam ya wuce, ya share allo. Lissafi kuwa kamar tsani ne, wanda ya tsallake mataki ɗaya na gaba zai yi masa wuya. Ba shi kaɗai zai yi hasara ba, na kusa da shi ma zai leƙo. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa.

Akwai waɗansu dalilai kuma. Yaro mara kirki kan ɗauki hoton ɗan'uwansa ba da saninsa ba, ya watsa, a yi ta yi masa ba'a har ya ƙi zuwa makaranta. Wani kan saci amsa lokacin jarrabawa. Sa'an nan lokacin tara an yi shi ne don yara su yi guje-guje, su yi hira, su saba da juna. In kowa ya sunkuyar da kai bisa waya, filin wasa zai yi tsit, abota kuma ba za ta ƙullu ba.

Waɗansu iyaye sun ce, “To, in wani abu ya sami yaronmu a hanya, yaya za mu ji?” Wannan magana tana da nauyi, masu yin doka kuwa ba su ƙyale ta ba. Ba a hana yaro zuwa da waya ba, amfani da ita aka hana. Sai ya kashe ta ya sa a jaka, in an tashi ya kunna. Haka nan yaro mai naƙasa, ko mai wata cuta kamar ciwon sukari, wanda na'ura ke taimakonsa, dokar ba ta hau kansa ba. Makaranta kuma tana iya yarda a yi aiki da waya in darasi ya bukace ta.

Duk da haka waya a jaka takan ja ran mai ita, wani kan faki ido ya duba. Saboda haka a 2024 aka gwada wata dabara a makarantu kusan 200 na Faransa. Da yaro ya iso da safe sai ya ba da wayarsa a kulle cikin akwati ko 'yar jaka, ba ya karɓa sai an tashi.

Ba Faransa kaɗai ba ce. A 2021 ƙasar Sin ta hana yara kai waya makaranta sai da takardar iyaye. Ƙasar Holan ta fitar da ita daga aji a 2024. A Nijeriya ma hukumomin jarrabawa, irin su WAEC da JAMB, sun hana shiga ɗakin jarrabawa da waya, wanda aka kama da ita kuwa akan soke sakamakonsa.

Waya ba mugun abu ba ce. Kamar wuƙa take, wadda ke da amfani a madafa, amma ba a wasa da ita a aji. Yaro mai hankali yakan bi ƙa'idar makarantarsa ko malam na gani ko ba ya gani, gama ya san darasin da ya wuce shi yau, gobe wani za a yi.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka fara buga wayar hannu?
2. Waɗanne yara ne dokar Faransa ta 2018 ta shafa?
3. Mene ne ma'anar “taura biyu ba ta taunuwa”?
4. Wace dabara aka gwada a 2024?