Kifi Nawa Kwami Zai Ɗauka a Ƙasar Gumel?

Ƙasar Gumel ba ta da babban kogi. Daga Ɗanzomo zuwa Sule Tankarkar, Gagarawa da Maigatari, rairayi ne ke shanye ruwan damina tun kafin kaka ta yi nisa, kuma da yawa daga cikin kifin da ake ci nan daga wajajen Haɗeja yake zuwa. Shi ya sa mai son kiwon kifi a wannan yanki ba ya haƙa rami ya bar shi haka. Sai dai ya gina kwamin siminti ko ya kafa na tamfol, ya jawo masa ruwan rijiyar burtsatse.

Tambayar farko kullum ita ce, 'ya'yan kifi nawa zan zuba? Mai sayar da su zai ce ka ɗauki dubu, don shi lissafinsa a kan kai yake. Naka lissafin ya kamata ya faro daga ranar kwashewa. Ɗauki kwami mai mita 3 tsawo, mita 3 faɗi, ruwa zurfin mita 1: lita 9,000 ke nan. Idan tarwaɗa ce, kuma ana sauya ruwa a kai a kai, abin da ya fi aminci ga sabon shiga shi ne kimanin kilo 50 a kowace lita 1,000. Wato kwamin nan iyakarsa kilo 450. In manya kake so, masu kilo ɗaiɗai, kada ka wuce 450 sosai. In ƙanana za ka sayar wa masu banda, kana iya ninkawa, ka kwashe da wuri.

Tarwaɗa tana jure cunkoso ne saboda tana da wata gaɓa da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye. Karfasa ba ta da wannan gata. A tafkin ƙasa da babu injin iska, biyu ko uku a kowane murabba'in mita sun isa.

Amma jurewa daban, girma daban. Kashin kifi da ragowar abinci suna rikiɗewa su zama amoniya, dafin da ke ƙaruwa da zafi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a nan, ruwa yakan ɗumame, iskar da ke narke a cikinsa ta ragu. Da asuba za ka ga kifin sun taso tsaye, gashin bakinsu a saman ruwa, ga wari, ga kumfa a gefen kwami, an watsa abinci sun ƙi kulawa. To, kwamin ya faɗa maka ya yi nauyi.

Nan ne maganar ruwa ke shigowa, kuma a ganina ita ce ke yanke hukunci. Lita 9,000 jarka 360 ce mai lita 25. Ko rabin ruwan za ka riƙa sauyawa, jarka 180 ke nan duk sauyi. Wanda zai dogara da 'yan garuwa, ko famfon da sai an sayo fetur, gara ya rage kifin tun farko. Mai sola da rijiya mai ƙarfi shi ke da ikon ƙarawa.

Sai kuma cin juna. Tarwaɗa ba ta barin ƙanwarta, don haka a riƙa tace su duk mako biyu a watannin farko, a ware manya. Wannan na nufin kwami ɗaya bai isa ba. A lokacin hunturu kuwa cinsu yana raguwa, girma ya ja baya.

Kafin ka biya kuɗin 'ya'yan kifi, ka cika kwaminka, ka zubar, ka sake cikawa, ka ga awa nawa ya ɗauka da abin da ya ci maka. Da wannan lissafin za ka je wurin mai sayarwa.