Kallon Indiya a Mamudo da Shari'ar Bayan Fim

A Mamudo, kamar sauran ƙauyukan da ke kewaye da Potiskum, kallon Indiya sai bayan girbi yake armashi. Idan gero ya shiga rumbu, wake ya shiga buhu, samari suka sami ɗan abin hannu, to bayan isha'i za ka ji ƙugin janareta daga bayan wata zana. Manya a benci, yara a tabarma gab da talabijin, marasa kuɗin shiga kuma suna leƙe ta hujin zana. 'Yan kasuwar Lebanon ne suka fara kawo waɗannan finafinai silimun Arewa tun shekarun 1950, amma mu kaset ɗin bidiyo ne ya iso mana da su har gida.

Babu mai jin Indiyanci, kuma babu wanda labari ke ɓace wa. Kowane gidan kallo na da gwaninsa, wanda ya haddace fim tun daga farko har ƙarshe, yana fassara yana ƙara gishiri. Jarumai ma sunan gida ake ba su: Dharmendra Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin.

Fim ɗin soyayya na da masoyansa, amma daren da aka sa na 'yan fashi da ramuwar gayya benci ba ya isa. Sholay na 1975 shi ne sarki. Inda iska ta kwashe mayafin Thakur, aka ga ashe ɗan fashi Gabbar Singh ya sare masa hannaye biyu, salati ne ke tashi, har daga bakin wanda ya san abin da zai faru. Mutuwar jarumi Amitabh Bachchan a ƙarshen fim ɗin kuwa, ƙarti majiya ƙarfi kan fita suna share ido, suna cewa hayaƙin janareta ne.

Daɗin al'adar duk yana teburin mai shayi, inda ake zaman shari'a bayan an tashi. A Deewaar, shi ma na 1975, ƙani ɗan sanda ya harbe yayansa ɗan fasa-ƙwauri, alhali da gumin yayan nan ya yi karatu. Wasu su ce butulci ne tsagwaronsa, wasu su ce doka ba ta san ɗan'uwa ba. Sai a jawo Mother India na 1957, inda Nargis ta bindige ɗan cikinta don ya sace 'yar mutane. Dattawa kan tsaya mata, su ce mutuncin gari ta kare. Samari su ce wace uwa ce za ta iya? Har yau ba a yanke wannan hukunci ba. Border na 1997, kan yaƙin Indiya da Pakistan na 1971, shi ma ya raba kan jama'a: ana yaba jarumtar Sunny Deol, zuciya kuma na tausayin waɗanda ke ɗaya ɓangaren.

Yau wannan zama ya yi ƙaranci. Dokar ta-ɓaci ta watan Mayun 2013, da harin da aka kai makarantar sakandaren gwamnati ta Mamudo ranar 6 ga Yulin shekarar, sun sa kowa ya tsani taron dare. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa. Da lafiya ta dawo, waya ta riga ta shiga kowane aljihu, kamfanin Algaita na Kano yana fassara fim da Hausa tsaf, yaro ya toshe kunne ya kalla shi kaɗai.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin muhawarar nan ta teburin mai shayi, domin a nan muka koyi auna haƙƙin uwa da na zumunci da na hukuma. Iyaye da yayye, idan yaranku za su kalla, ku zauna tare da su, in an gama ku tambaye su wa ke da gaskiya.