Zaren gilashi mai ɗaukar magana

Ran nan muna cikin aji sai wani dattijo mai noman zogala a Jiratawa ya ɗaga hannu. Ya ce: "Malam, in na kira ɗana da ke Kwatano, ta ina maganata ke bi?" Wasu sunka ce ta iska take bi. To, suna da gaskiya, amma kaɗan. Maganar tana bin iska ne daga salula zuwa dogon ƙarfen nan na rezo. Daga nan mafi yawan tafiyarta ƙarƙashin ƙasa take yin ta, cikin wani zare na gilashi. Shi ne ma'aikatan waya ke kira fibir.

Zaren nan siriri ne ƙwarai, kaurinsa kamar na gashin kai guda. Tsakiyarsa kuwa, inda saƙo ke bi, ta fi haka siranta nesa ba kusa ba. Ba wutar lantarki ke gudu cikinsa ba, haske ne.

Yaya haske ke ɗaukar magana? Ku tuna da yara biyu masu tocila cikin dare. Ɗaya ya kunna, ya kashe, ya kunna, ɗayan ya gane abin da ake nufi. Haka na'ura ke yi. Tana maida murya da hoto da rubutu su zama ƙyaftawar haske, sau miliyoyi cikin daƙiƙa guda. Can ɗaya bakin zaren wata na'ura ta karanta, ta maido da muryar yadda take.

Mi ya hana hasken ya tsere? Duk wanda ya san gandun noman rani na Jiratawa ya ga yadda ruwa ke bin magudanar siminti, ba ya fita sai inda anka buɗe masa. Zaren ma haka yake. An naɗe tsakiyarsa da wani gilashi daban, wanda ke maido da haske ciki duk sa'ad da ya nemi fita. Cikin gilashi haske na cin kilomita wajen 200,000 a daƙiƙa guda. In ya yi nisa yakan raunana, don haka ake aje na'urar ƙara masa ƙarfi bayan kowane kilomita 80 ko 100.

Wannan hikima ba ta daɗe ba. A 1966 wani masani ɗan asalin Sin, Charles Kao, ya nuna cewa dauɗar da ke cikin gilashi ce ke cinye haske, in an tace shi sosai saƙo zai yi nisa. A 1970 kamfanin Corning na Amurka ya ƙera zaren da ya tabbatar da haka. A 1988 anka shimfiɗa na farko ƙarƙashin teku tsakanin Amurka da Turai. Kao ya samu kyautar Nobel a 2009.

Har yau masu bincike ba su huta ba. Abin da suke nema shi ne zare guda ya ɗauki kaya mai yawa, ya kai shi nesa. Ga hanyoyi uku da sunka bi.

Ta farko, launuka. Kamar yadda bakan gizo ke da launi iri-iri, haka ake tura haske kala-kala cikin zare guda, kowane da nasa saƙo, ba mai taka wani. A 2024 cibiyar bincike ta NICT a Japan, tare da abokan aikinta, ta tura abin da ya kai jiga 50,000 cikin daƙiƙa guda, a irin zaren da ake saye a kasuwa. Ku da ke sayen jiga guda ku lallaɓa shi mako, kun san wannan ba ƙaramin kaya ba ne.

Ta biyu, yawan hanyoyi. Maimakon tsakiya guda, sai a yi wa zaren tsakiya da yawa ba tare da an ƙara masa kauri ba. A 2025 waccan cibiya ta gwada zare mai tsakiya 19. Ya ɗauki sama da jiga 125,000 a daƙiƙa, nisan kilomita 1,808. Wannan ya fi tafiyar Yamai zuwa Diffa. A ɗakin gwaji anka yi shi, bai shigo kasuwa ba tukuna.

Ta uku, zare mai rami a tsaka kamar sarewa. Cikinsa haske na bin iska, inda yake gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. A 2025 masanan jami'ar Southampton ta Ingila da kamfanin Microsoft sun ba da labarin irin wannan zare da ke ɓatar da haske ƙasa da mafi kyawon zaren gilashi da anka sani.

To mu mi ya shafe mu? Nijar ba ta da teku, manyan wayoyin duniya kuwa ƙarƙashin teku suke. Sai sun sauka a gaɓa, kamar Kwatano ko Lome ko Legas, kana a jawo su zuwa gare mu ta ƙasar maƙwabta. Zaren da ya taso daga Yamai ya biyo Dosso da Ƙonni ya iso Maraɗi, ya wuce Damagaram. Akwai kuma aikin zaren ƙetare Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya zuba wa kuɗi. Ɓangaren Nijar ya haura kilomita 1,000, don a haɗa mu da Aljeriya, Cadi, Najeriya, Benin da Burkina Faso. Amfanin ƙofofi da yawa shi ne, in ɗaya ta rufe a bi wata.

Mun ga abin da tsinkewa ke jawowa. Ran 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu sunka lalace cikin teku kusa da Abijan. Intanet ta tabarbare a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, har da tamu. Ɗan kasuwa mai jiran kuɗi da ɗalibi mai neman darasi duk sun ji a jikinsu.

Saboda haka, ƴan'uwa, akwai namu aikin. In za ka haƙa rami ko ka ɗebi ƙasar gini a bakin babbar hanya, ko a Tibiri kake ko a cikin gari, ka duba alamar da anka kafa, ka tambaya kafin ka sa diga. In ka ga wani yana tono don neman tagulla, ka faɗa masa gaskiya: zaren nan gilashi ne, ba ya da kuɗi a wurin masu sayen ƙarfe. Amma in ya tsinke, maganar gari guda ce ta tsinke, har da ta dattijon nan da ɗansa.

Tambayoyi

1. Mi ke gudu cikin zaren gilashi?
2. Faɗi hanyoyi uku da masu bincike sunka bi don zare ya ƙara ɗaukar saƙo.
3. Don mi Nijar ke bukatar haɗuwa da maƙwabta da yawa?
4. Mi ya kamata ka yi kafin ka haƙa rami a bakin hanya?